Dashbod Ɗin da Bai Tsage Ba

Malami ya naɗe auduga a kan tsinken ashana, ya tura shi cikin ramin iskar da ke gefen sitiyari, ya juya a hankali. Da ya zaro, audugar ta ɗan yi ja. Ya yi tsaki, ya naɗa wata. Ƙarfe bakwai ba ta yi ba, amma zafin bazara ya riga ya leƙo ta kan katangar gidan Alhaji Mainasara, har wuyan rigarsa ya fara jiƙewa.

Shekara goma sha huɗu ke nan yana tuƙa Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi a Ƙauran Namoda, tara daga ciki a wannan farar Marsandi. Duk motar da ta sha ranar ƙasar nan shekara uku, je ka duba dashbod ɗinta, wato allon robar da ke gaban direba. Za ka tarar ya koɗe, ya tsattsage kamar kaushin ƙafa. Na Malami kuwa ko tsaga ɗaya babu. Direbobin tasha har leƙowa suke yi ta gilashi su gani, wasu su ce asiri ne.

Ba wani asiri, naci ne kawai irin na wanda ba shi da wani abu nasa. Ruwan ɗumi da ɗan sabulun salo, a matse tsumma sosai har sai ya kusa bushewa. Bayan nan man kaɗanya da aka narka da kakin zuma, ɗan mitsitsi a kan yatsa, a murza a inuwa, a bar shi ya sha, sannan a goge da tsohuwar shimi mai laushi har sai hannu ya daina jin maiƙo. Haka yake bin robar ƙofofi, da marfin akwatin takardu, da gindin giya. Mutum ne da in ka ɗora goron da ka ɓara a gaban motarsa, zai iya yini bai yi maka magana ba.

"Baba Malami, yau ma amaryar ake wa kwalliya?"

Bilyaminu ne, direban a-kori-kurar Alhaji mai ɗaukar buhuna. Magidanci ne, yana da mata da 'ya'ya biyu, amma wasa bai sake shi ba. Yana riƙe da gwangwanin man birki da wani tsumma baƙi ƙirin.

"Ka zo in shafa maka wanga, minti biyu ka ga tana walƙiya," in ji shi.

"Matsa min da shi nan. Shi ya cinye maka robar taka motar, har yanzu ba ka gane ba?"

"Ai ba tawa ba ce, Baba. Taka ma ba taka ba ce."

Ya yi gaba yana dariya. Maganar ta zauna wa Malami a ƙirji, don gaskiya ce.

Abin da ke ransa yau ya fi kwalliya. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a aka hana cakuɗa maza da mata a motocin haya, sai aka kawo sababbin motoci na mata zalla, ana neman direbobi magidanta masu natsuwa. Albashi a ƙarshen wata, a tashi aiki kafin magariba, ranar Juma'a mutum ya yini da iyalinsa. Sharaɗi ɗaya ne, kowane direba sai wani babban mutum a garinsu ya tsaya masa ya sa hannu. An ba Alhaji Mainasara gurbin mutum ɗaya. Kuma yau Alhamis, Malam Hayatu, wanda ke zagayawa yana rubuta sunaye, zai bi motarsu zuwa Shinkafi, tunda dama Alhaji can zai ci kasuwa.

Malami ya gaji, gajiyar da ba ta jiki ba. Aikin Alhaji ba shi da agogo. Ranar da aka haifi ɗiyarsa Zuhura yana Zurmi, zaune cikin mota yana jiran a gama cinikin gero. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu a Sakajiki yana Galadi, kafin ya iso an dawo daga maƙabarta. Ba a taɓa zaginsa ba, ba a taɓa barinsa da yunwa ba, abin da ya sa ma ba shi da bakin kuka ke nan. Gidan da yake ciki na Alhaji ne. Mahaifinsa ma awon hatsi ya yi wa mahaifin Alhaji har ya mutu. A duk faɗin Ƙaura babu wanda zai tsallake Alhaji ya sa wa Malami hannu.

Da asuba matarsa Hamida ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, ka buɗe baki ka gaya mishi. Mutum ba ya sanin abin da ke cikin wani."

"Na gaya mishi."

"Mi ka ce?"

"Na ce na ji ana ɗaukar direbobi."

"Shi ke nan?"

"Ya ce ya ji, Allah shi kai mu."

Ta dube shi, ta girgiza kai, ta koma ciki. Ita ba ta gane ba, a ganinsa. Bara ba ya tsayawa gaban ubangidansa ya ce sallame ni, kamar wanda aka ci wa amana. Aikinsa ne ke roƙa masa. In baƙo ya ga aikin ya yaba, ya nema da kansa, to ubangida ya samu hanyar yin kyauta cikin girma. Dabarar Malami ke nan, ya kwana uku yana gyara ta, shi ya sa yau yake bin ramukan iska ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarfe takwas da rabi suka ɗauki Malam Hayatu a bakin tasha. Siririn mutum ne mai tabarau, da jakar takardu a hammata. Ya ce kujerar baya tana sa shi jiri, ya nemi izini ya zauna gaba. Malami ya yi hamdala a zuci.

Ba su fita gari ba Malam Hayatu ya kai hannu ya shafa dashbod ɗin da bayan yatsu.

"Alhaji, sabuwa ka sake?"

"Ina fa. Shekararta tara hannuna," in ji Alhaji daga baya, yana jan carbi.

"Tara? A ranar nan? Tawa shekara biyu, gabanta duk ya dare, har tsabar kuɗi ke faɗawa ciki." Ya juyo wajen Malami. "Direba, mi kake sa mata?"

Malami, wanda kan yi tafiyar Shinkafi da dawowa bai furta kalma goma ba, sai ga shi baki ya buɗe. Ya yi bayanin sabulun salo da man kaɗanya. Ya ce man birki da man gyaɗa ƙyalli ne na kwana ɗaya, rana na dukansu sai su soya robar. Ya ce fetur kuwa kisa ne, yana taɓawa za ta yi fari, ba ta dawowa. Ya ce in za a ajiye mota a bar gilashi a buɗe faɗin yatsa ɗaya don zafi ya samu mafita, a juya mata baya ga rana.

"Roba ma tana jin ƙishirwa, ranka ya daɗe. In ka bari ta bushe, shi ke nan."

Malam Hayatu ya ciro ɗan littafi yana rubutawa. Kusa da Moriki garken shanu ya tare hanya, ana kora su kasuwa. Malami ya tsaya tun daga nesa, bai danna oda ba, ya jira har ɗan maraƙin ƙarshe ya tsallake. Ya san ana kallonsa, kuma ya ji daɗin hakan, har kunya ta ɗan kama shi.

"Ka gani ko, Alhaji?" in ji Malam Hayatu. "Irin wanga mutum muke nema ido rufe. Motocin nan sababbi ne, ledar kujerunsu ma ba a cire ba. In muka ba yaran tasha, shekara biyu sun zama tarkace. Kuma mata za a ɗauka, ana son mai haƙuri. Wallahi da zan samu biyar kamarsa, da na huta. Kai kam ka yi dace. Mutum ya riƙe kayan wani haka kamar nashi, yau ina ake samu?"

Ya yi ta yi. Daga Moriki har suka fara hango rumfunan Shinkafi bai sauka daga kan maganar ba. Malami har ya fara tunanin abin da zai ce wa Hamida. Sau ɗaya ya ɗaga ido ya dubi madubi. Alhaji ya daina jan carbi, idonsa na kan dashbod ɗin, yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa.

Kasuwa ta cika maƙil. Duk inuwar da Malami ya saba fakewa an riga shi, manyan motocin hatsi sun mamaye. Dole ya tsaya a fili, gefen 'yan buhuna, rana na dukan gilashin gaba kai tsaye. Bai kashe injin ba tukuna Malam Hayatu ya buɗe jaka ya zaro takarda.

"To Alhaji, mu gama da naka tun nan. Ai ba sai na tambayi sunan da zan rubuta ba."

Alhaji ya gyara zama, ya sa carbin a aljihu. Ya yi murmushi irin wanda yake yi in zai ƙi sayar da hatsi.

"Malam Hayatu, direba ka ce in ba ka, ba ka ce in ba ka hannuna na dama ba. Ba zan ɓoye maka ba, da na fito gida da safe niyyata shi zan ba ka. Na ce ya daɗe, shi ma ya je ya huta. Amma tun daga Ƙaura kake gaya min abin da nike da shi. In na sake shi, wa zai riƙe min motar ga haka? Malami ɗan gida ne, ubanshi a hannunmu ya cika. Wanga ba na bayarwa ba ne. Akwai Bilyaminu, yana da lasin, yana da iyali. Rubuta shi."

Ya miƙo hannu ya dafa kafaɗar Malami, dafawa ta ƙauna, wadda a shekara goma sha huɗu bai taɓa yi ba.

"Ko kana da wata damuwa gidana, Malami?"

"Babu, Alhaji."

"Ka ji ko."

Malam Hayatu ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ba wawa ba ne, ya ga yadda hannun direban ya ƙanƙame sitiyari. Ya gane cewa bakinsa ne ya yi ɓarnar, kuma abin ya dame shi.

"Direba, kai fa? In kana da magana ka yi ta, ai Alhaji uba ne."

Malami ya kafe sitiyari da ido. A waje wani mai kura yana ta kiran a ba shi hanya. Malam Hayatu ya jira, ya ƙara jira, sannan ya numfasa. Ya shimfiɗa takardar a kan dashbod, ya cire murfin biro da haƙori, ya kai bakin biron kan layin farko.

"Ranka ya daɗe, dakata," in ji Malami.

Malam Hayatu ya ɗaga biron da sauri, fuskarsa ta saki. Alhaji ya matso gaba har numfashinsa na taɓa wuyan Malami.

Maganar tana nan a bakin Malami, ba ta da tsawo. Alhaji, na gode da riƙo, amma ina son aikin nan. Ya shirya ta, ya ji nauyinta a kan harshe. Sai dai idonsa na kan bakin biron, da siririyar takardar, da robar da ke ƙarƙashinta wadda rana ta gasa tun da suka tsaya. Ya san abin da biro ke yi wa roba mai zafi. Kuma ya san Alhaji na jira, da hannunsa har yanzu a kan kafaɗarsa.

"Robar ta yi laushi," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In ka danna, rubutun zai fito a jikinta. Ba ya goguwa."

Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wata ambulan mai kauri, ruwan ƙasa. Bakinta a buɗe yake. Malam Hayatu ya hango lasin a ciki, da takardar shaidar asibiti, da ƙananan hotuna guda huɗu na Malami sanye da sabuwar hula. Malami ya ɗaga takardar, ya tura ambulan ɗin ƙarƙashinta, ya daidaita gefe da gefe.

Alhaji ya koma ya jingina yana dariya.

"Ka ga abin da nike gaya maka? A ba da wanga?"

Malam Hayatu bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya rubuta sunan farko a hankali, ba tare da ya danna ba. Dashbod ɗin ya sha gyara, santsi gare shi, ambulan ɗin sai zamewa take yi. Malami ya sa yatsu biyu ya danne gefenta.

"Bilyaminu wa?" Malam Hayatu ya tambaya, bai ɗago ba.

Alhaji ya ɗan yi tunani, ya taɓe baki.

"Kai, sunan uban nan nashi ya shige min. Malami, ɗan wa ne ma?"

"Muttaka," in ji Malami. "Bilyaminu Muttaka."

Ya ci gaba da riƙewa har aka gama rubutawa.