'Yar Ƙugiyar Murfi

Injiniya ta kwance butar shayi, ta jera sassanta goma sha huɗu a kan teburin mahaifinta.

Mahaifin nata shi ne mai dubawa na ƙarshe a masana'antar. Babu sabon samfurin da ke fita sai ya sa hannu. Shi ya zana wannan butar tun kansa yana baƙi, da fensir a bayan kwali, don bai yi karatun zane ba. Ma'aikata suna kiransa Baba Awo, saboda ba ya amsa gaisuwa sai ya gama auna abin da ke hannunsa. Suna kuma cewa bai taɓa yin kuskure ba. Bai taɓa musa musu ba.

"Baba, ƙarfe ya yi tsada," in ji ta. "Manaja ya ce ko a rage abin da butar ke ci, ko a daina yin ta. So nake ta yi aikinta yadda ta saba, amma da kaya kaɗan."

"A nan ni ba babanki ba ne."

"To, Baba Awo."

"Ci gaba, 'yar nan."

Tana da hanyarta. Sai ta ɗauki sashe ɗaya, ta ɗaga shi sama, ta tambaye shi da baki: "Mene ne aikinka?" Wanda ke da amsa ya koma tebur. Wanda ba shi da ita ya faɗa cikin wani farin tire.

Mai walda ya leƙo, tabarau a goshi. "Yau har ƙusa za ta amsa tambaya! Injiniya, don Allah kar ki ɗaga ni sama. Tiren nan ba zai ɗauke ni ba."

"Ɗaga ka sai da inji," in ji ta.

Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da mariƙin. Ta ce biyu sun isa. Tsohon ya ce ƙarya ne. Ta rataya wa mariƙi mai ƙusa biyu bokiti cike da yashi, ya yi mako yana lilo, mariƙin bai ko motsa ba. Zoben da ya kewaye cikin butar kuwa, da ta tambaye shi aikinsa, tsohon da kansa ya amsa masa: "Ado ne." Ya tura shi tire da ɗan yatsa. Gindin faranti biyu ne a manne. Ta mayar da shi ɗaya mai ɗan kauri. Ya tsaya da agogo a hannu, ruwan sabuwar ya riga na tsohuwar tafasa.

"Ba laifi," in ji shi. Iyakar yabonsa ke nan, kuma ta san haka.

Sai ta zo kan 'yar ƙugiya. Ɗan guntun ƙarfe ne, bai kai farce ba, an liƙa shi da walda a cikin leɓen murfi. Saboda shi kaɗai kowane murfi ke tsayawa a gaban mai walda, aiki ya yi ta jira.

"Mene ne aikinki?" in ji Injiniya.

Tsohon ya kawar da kai. Ta ci gaba.

"Na gwada ba tare da ita ba. Inji ya karkata butar a hankali har ta tsiyaye, murfi bai faɗi ba. Sau ɗari uku."

"A bar ta."

"Dalili?"

"Ni na ce."

"Baba Awo, 'ni na ce' ba aiki ba ne." Ta jefa ta cikin tire. Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar allura ba, amma ya ji ta har cikin haƙoransa. "Jibi za a sa hannu."

Da rana injuna suka tsaya, ma'aikata suka fita cin abinci. Ya zauna kusa da tankin gwaji, inda tururi ke tashi ba ya gajiya. Rana tana saukowa ta hujojin rufi, zare-zare. Bai yi barci ba, bai kuma farka ba. Ya ga butocin da ke kan kanta sun taso ɗaya bayan ɗaya, suna shawagi a cikin hasken, suna zubar da ƙusoshinsu a hankali kamar yayyafi. Babu wadda ta yi kuka. Sai ƙara sauƙi suke yi, suna ƙara sama. Tururin ya yi kauri, sannan ya buɗe, sai ga wani ɗaki a cikinsa.

Ɗaki ɗaya ne, da labule mai ruwan ganye da risho a kusurwa. Ga matarsa, siririya, jaririya a hannun hagu. Ga buta ta farko da ya ƙera, ya kawo gida yana taƙama, ya ce a dafa masa shayi a ciki. Ta ɗauke ta da hannun dama. Ƙofa ta buga da iska, jaririyar ta zabura, uwar ta fizge hannu. Murfin ya tashi. A cikin wannan gani ya daɗe a sama, yana juyawa kamar ganye. Matar ta murɗa jikinta, ta ba tafasasshen ruwan hannunta don kada ya sami 'yar.

Washegari ya liƙa ƙugiyar. A wurin aiki ya ce ƙari ne kawai. Shekara talatin da shida ke nan.

Ƙararrawa ta kaɗa. Butocin suna kan kanta inda suke.

Da yamma a gida ya tarar da matarsa tana zuba shayi. Tabon yana nan daga wuyan hannu zuwa gwiwa, fari, yana sheƙi. 'Ya'yanta sun san shi da tabon risho, don haka ta gaya musu.

"'Yarki ta tambaye ni aikin ƙugiya."

"Yau ta zama 'yata ni kaɗai? Ka faɗa mata?"

"A'a."

"Na sani." Ta miƙa masa kofi. "Malam, ni na rufa maka asiri, ban yi nadama ba. Amma hannuna ne ya ƙone, ba bakinka ba."

Ya sha shayin da zafinsa. Tururin kofin yana tashi tsakaninsu, ta cikinsa ya ga siririyar matar nan tana kallonsa.

Ranar sa hannu suka taru a ofishin Manaja. Takarda tana kan tebur, biro a kanta. Sabuwar butar tana gefe, mai sauƙi, mai kyau. Tsohon ya yarda tana da kyau. Ya shigo da ƙaramin buhun yashi a kafaɗa da guduma a aljihu.

"Baba Awo, gini za mu yi?" in ji Manaja.

Bai kula shi ba. Ya cika butar da ruwan sanyi. Ya ɗora wa 'yarsa buhun a hannun hagu.

"Rungume shi. Kar ya faɗi. Zuba mini a kofin nan."

Ta dube shi, ta ɗauki butar, ta fara zubawa. Ya ɗaga guduma ya maka wa ƙafar teburin ƙarfe. Ta zabura. Murfin ya yi tsalle, ya faɗi, ya yi ta birgima har ƙarƙashin kujerar Manaja. Ruwa ya wanke mata hannu daga wuya zuwa gwiwa. Buhun kuwa ta matse shi a ƙirji, ta juya ta kare shi da jikinta ba tare da ta sani ba.

"Injinki ba ya firgita," in ji tsohon. "Ba ya riƙe da ɗa." Maganar ta yi masa nauyi, ya fito da ita duk da haka. "Tabon mamanki ba risho ba ne. Butata ce. Ni na ƙera ta babu ƙugiya. Buhun nan ke ce."

Ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta zuwa siminti. Ta daɗe tana kallon inda ya jiƙe. Sannan ta ajiye buhun a kan kujera, a hankali, ta jawo takardar, ta juya bayanta, ta fara zane da jiƙaƙƙen hannu.

"Aikinta riƙe murfi idan hannu ya fizga," in ji ta, kamar da kanta take magana. "Ba sai da walda ba. A tsaga leɓen murfin kansa, a lanƙwasa shi ciki. Bugu ɗaya a inji."

Tsohon ya sa tabarau. Ya bi layin da farce. Shekara talatin da shida, bai taɓa ganin wannan ba.

"Ba laifi," in ji shi.

Manaja ya yi gyaran murya. "Madalla. Sai dai gyara injin zai ci mako uku. Ni kuwa na riga na sa an buga murafan nan marasa ƙugiya, sun cika sito, masu saye suna jira. Baba, ka sa hannu a kan wannan zubin kawai. Mu rubuta a jikin kwali cewa a zuba a hankali. Na gaba sai a yi da ƙugiya."

Ya miƙo biro. Tsohon ya dubi hannun rigar 'yarsa, har yanzu a jiƙe. Ya mayar da guduma aljihu.

"A'a. Ba zan sa hannu ba."