Bushiya Ƙafa Sama

A ƙasar Swabiya, inda kowane tudu ke da ganuwarsa, kowace ganuwa kuma ke da mai fariya a cikinta, an yi wani tsohon barde mai suna Ortolf na gidan Rekenau. Sauran gidaje zaki suke ɗorawa a garkuwarsu, ko gaggafa, ko takobi. Kakannin Ortolf kuwa bushiya suka zaɓa: baƙar bushiya a kan rawaya, da jar tuffa soke a ƙayarta. Babu wanda ya san dalili. Wasu sun ce wani kakansu ne ya kwana a daji, bushiya ta tashe shi kafin maƙiya su iso. Wasu sun ce a buge yake ranar da ya zaɓa.

Ortolf yana da 'ya'ya biyu, Afra da Linhart. Afra ta auri wani barde mai suna Ruprecht, mai jajayen sanduna a garkuwarsa. Linhart ya bi rundunar da ta tafi gabas yaƙi da Turkawa, aka tarwatsa rundunar a bakin wani kogi, shi kuma bai dawo ba.

Wanda ya kawo labarin shi ne Wendel, sanƙiran Graf Eberwin mai ƙasar. Aikin sanƙira ne ya san tambarin kowane gida, ya kira sunaye a filin wasan mashi, in an gama yaƙi kuma ya bi gawawwaki ya gane su ta garkuwa. Tare suka tashi da Ortolf, Wendel ne ma ya riƙe Linhart ranar da aka yi masa baftisma. Da ya dawo daga gabas, ko ƙura bai kakkaɓe ba ya hau tudun Rekenau.

"Na juya gawa bayan gawa har hannuna ya sage," in ji shi. "Ban ga bushiya ba. Kama shi aka yi, Ortolf. Ka riƙe wannan."

Ortolf ya riƙe. Shekaru suka wuce, matarsa ta rasu, rufin ɗakin dawaki ya rufta, gemunsa ya yi fari fat, amma maganar nan tana hannunsa kamar sanda.

Wata rana da sanyi ya fara sauƙi, sai ga Wendel a kan alfadarinsa, da jakar fata a gefe.

"Tsohuwar bushiya! Kana raye ashe?"

"Ina raye, babban baki. Ƙanshin miya ka jiyo daga gari?"

"Wace miya? Ruwan kabeji da ka yi wa alkawarin nama?"

Suka zauna gaban murhu da gurasa da tsiran alade da tulun giya. Wendel ya ci har ya sassauta ɗamara, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Graf ya umarce shi ya zana sabon naɗi, doguwar fata da za ta ɗauki garkuwar kowane gida na ƙasar. Za a warware ta a taron bazara kowa ya gani. Daga cikinta kuma za a kwafi garkuwoyin gidajen da 'ya'yansu suka ɓata, a ba wa 'yan zuhudun da Graf zai aika gabas fansar kamammu.

Ortolf ya ajiye ƙoƙonsa. Ya san dalilin hakan. Sunan mutum yana lalacewa a bakin baƙi, har mai shi ma yakan manta yadda ake faɗarsa, amma babu ɗan barde da zai manta garkuwar gidansu. Sai 'yan zuhudu su shiga inda ake tsare bayi, su ce kowa ya zana tambarinsa a ƙasa da yatsa, su gwada da abin da ke hannunsu.

"Ara mini tsohuwar garkuwar nan ta bango," in ji Wendel. "Kada in yi maka ɓera in ce bushiya ce."

"Kai da ka zana wa mutanen Felsek doki aka ɗauka akuya ce?"

"Dokin nasu ne ya yi kama da akuya."

Ortolf ya hau kan benci da kansa, ya sauko da garkuwar, ya goge ta da hannun riga. Itacen ya tsufa, fatar da aka rufe shi da ita ta tsattsage, amma bushiyar tana nan da tuffarta. Ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ka yi mata ido mai kyau. Yaron nan yakan fara zana ido kafin ƙaya."

Wendel ya karɓa, ya duƙufa yana ɗaure ta a bayan alfadari. Ya daɗe yana ɗaurin.

Ranar taron, an jera dogayen tebura a barandar gidan zuhudu, aka warware naɗin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, aka danne gefunansa da duwatsun kogi. Abin kallo ne. Ga zomaye uku da ke raba kunnuwa uku a tsakaninsu. Ga kifi da zobe a baki. Ga wani gida da ba su da komai sai takalmi ƙafa ɗaya, suna kuma alfahari da shi. Ga zakara mai kan mutum, wanda Ortolf ya tsaya ya kalla, don ya san mai shi, kuma kamannin sun fito. Bardawa da matansu suna tafe a jere a gefe guda, kowa na neman nasa, in ya samu sai ya yi gyaran murya don na kusa ya lura.

Ortolf yana tafe a hankali, yana bin layi da yatsa ba tare da ya taɓa fatar ba. Sai ya lura mutanen da ke gabansa sun daina magana. Wata mata ta ja mijinta gefe.

Ga bushiyar. Wendel ya yi mata ido mai kyau, har da ɗigon fari a ciki kamar tana kallon mutum. Amma garkuwar a kife take. Tsininta na sama, bushiyar na kwance a bayanta, ƙafafu huɗu a iska.

Ko yaron da ke wanke dawaki a ƙasar nan ya san ma'anar wannan. In namiji na ƙarshe a gida ya mutu, a bakin kabarinsa sanƙira ke kifar da garkuwa, ya karya ta, ya jefa a rami, ya yi kira cewa yau akwai gidan wane, daga yau babu. Sannan a zana ta a kife a cikin naɗi. Ba a kwafa wa 'yan zuhudu kifaffiyar garkuwa. Wa za a nema a gidan da ya ƙare?

Ortolf ya ɗaga ido kaɗan. A layin sama, ga garkuwar surukinsa Ruprecht an raba ta gida huɗu: jajayen sanduna a biyu, bushiya a tsaye a biyu. Haka ake yi in gida ya ƙare, mijin 'ya ya gaji tambari da tudu.

"Wendel," in ji shi, bai ɗaga murya ba.

Sanƙiran ya zo cikin rigarsa ta aiki mai tambarin Graf gaba da baya.

"Mu fita waje, Ortolf."

"A nan ka binne ni, a nan za mu yi magana. Yaushe na mutu? Ba a gayyace ni ba."

"Ka saurare ni. Graf ya gaji da jira. Ya ce tudun Rekenau ba zai zauna hannun tsoho da fatalwa ba. Da ban yi haka ba, wani baƙo zai ba wa, a goge bushiyar gaba ɗaya. Yanzu ga ta nan a tsaye, jikokinka za su ɗauka."

"Jikokin Ruprecht."

"'Ya'yan Afra ne. Ita ta zo ta same ni, tana kuka."

Ortolf ya waiwaya. Afra na tsaye jikin ginshiƙi, ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Baba," ta ce, "shekara nawa? Mu ma muna raye."

Ortolf ya dube ta. Ita ya gane ta, uwa ce, tana da nata 'ya'yan. Ya koma kan Wendel.

"Ka ce ba ka gan shi cikin gawawwaki ba. Ƙarya ka yi mini?"

"Ban yi maka ƙarya ba. Ban gan shi ba."

"To da wane hannu ka kifar da shi? Da wanda ka riƙe shi a gaban ruwan baftisma, ko da wanda ka ci tsirena?"

Wendel, mai babban bakin nan da ake ji daga ƙarshen filin wasa, ya sunkuyar da kai.

"Ka zo gidana ka yi dariya. Ka sa na hau benci da waɗannan gwiwoyi. Da ka ce mini, Ortolf, ga abin da aka sa ni, da na zage ka, da na jefe ka da tulu, amma da har yanzu ina da aboki."

"Ana iya kankare fata," wani daga cikin bardawa ya ce a hankali.

"Graf ya riga ya buga hatiminsa," in ji Wendel, kansa a ƙasa.

Sai Ortolf ya yi abin da aka daɗe ana labarinsa. Ya bi teburin har ƙarshe, ya zagaya ɗaya gefen, inda babu kowa sai bango, ya dawo ya tsaya daidai garkuwarsa. Daga nan bushiyar tana tsaye da ƙafafunta, tuffa a bayanta. Zakuna da gaggafai da zakara mai kan mutum, da tambarin Graf kansa, duk sun koma ƙafa sama.

Ya daɗe yana kallo. Har ya ɗan yi murmushi.

"Ku zo ku gani daga nan," ya ce. "Duk kun mutu."

Babu wanda ya zagaya.

"Sanƙira," in ji shi. Tun suna yara bai taɓa kiransa da wannan suna ba. "Ba ni garkuwata. Ko ita ma ka karya?"

Aka kawo ta. Wendel ya miƙo, Ortolf ya nuna masa tebur ya ajiye, sannan ya ɗauka daga nan.

Da 'yan zuhudu suka tashi zuwa gabas, da takardun garkuwoyi a jakarsu babu bushiya a ciki, sai suka tarar da wani tsoho a mararraba, a kan dokin da ya kusa kai shi tsufa, da tsattsagaggiyar garkuwa rataye a kafaɗa. Babbansu ya ce masa hanyar tana kashe matasa ma.

"An riga an binne ni, Uba," in ji Ortolf. "Me ya rage ta yi mini? In an ce su zana a ƙasa, wani zai fara da ido. Ina so a samu wanda zai gane."

Suka matsa masa ya shiga tsakiyarsu.

Wendel ya biyo su a kan alfadarinsa har gada, yana kiran suna. Ortolf bai waiwaya ba.

Naɗin kuwa an nannaɗe shi, an sa a akwatin itace a ɗakin ajiyar Graf. Fata ba ta tsufa kamar mutum. Duk wanda ya warware ta bayan masu labarin sun shuɗe, yana neman sanin gidajen ƙasar nan, zai ga bushiya ƙafa sama da idonta mai kyau, ya ce a shekarar nan gidan Rekenau ya ƙare. Ba zai ga tsohon da ya haye gada da ita a tsaye ba.