Rigar da Aka Zo Karɓa

Da almakashi likita ya tsaga hannun rigar, don ya ga abin da injin matsar gyada ya bari na yatsun Datti. Biyu suka rage. Ya ce a kai shi Kano tun ciwon bai ci ƙashi ba.

Hure ta naɗe rigar cikin mayafinta, ta hau babur zuwa masana'antar da mijinta ya shekara goma sha tara yana ɗura wa inji gyada, can bayan garin Gaya.

"Alhaji, yaronka ne fa," ta ce da mai wurin. "Kai ka yanka ragon sunan Laminmu."

Alhaji Abdulmuttalib ya sunkuyar da kai. "Ban manta ba, Hure. Amma dubi bayan rigar nan, sunan wa ke jiki?"

Ba ta yi boko ba. Abin da ta sani, a da shuɗiyar riga take wanke masa, tun bara ta koma ruwan goro.

"Sunan kamfanin da na miƙa wa harkar leburori ne, su ke ɗauka, su ke sallama. Ba don haka ba da tuni na rufe, magidanta talatin sun zauna. Na huta, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai yau rabinsu ko sunansu ban sani ba." Ya rubuta mata lambar wayar kamfanin a takarda. "Lauyana ya ce in na ɗauki nauyin ɗaya, na ɗauki na duka."

Ta kira lambar tun ba ta bar bakin ƙofa ba.

"Baiwar Allah, mu mutum muke kawowa, inji ba namu ba ne. Koma wa mai inji."

*

Kwana uku bayan nan, babur ya tsaya ƙofar gidansu a Gafasa. Da Hure ta hango riga ruwan goro a jikin baƙon da ke kai, har tuntuɓe ta yi garin shimfiɗa tabarma. Ashe dai suna da imani!

"Ya mai jiki? Allah ya sawwaƙe," ya ce, bai zauna ba. "Oga ya ce in karɓo rigar. Gobe wani zai kama aiki."

Ta riga ta wanke ta, ta ɗinke tsagar da baƙin zare.

"Ba shi, Hure," in ji Datti daga ɗaki, murya a dashe. "Malam, ka gaya wa mai sa ta, in injin ya shaƙe kada ya zura hannu. Ya nemi sanda."

Baƙon ya ɗaure rigar a bayan babur. Hure ta tsaya da kwanon ruwan da bai sha ba, tana kallon ɗinkakken hannun yana kaɗawa, har ya sha kwanar hanyar Ajingi.