Rijiyar Da Ta Miƙe Tsaye

Tassiou ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a bakin maɓuɓɓugar ruwan da ke tsakiyar fak, lambun shaƙatawa na gari, ya fara alwala da sauri. Saura minti talatin hutun rana ya ƙare, ya koma sito wurin ɗaukar kwalaye. Maɓuɓɓugar tsohon ginin dutse ce mai hawa uku, ruwa na tsartuwa daga bakin kifayen ƙarfe da tsufa ya mayar da su kore.

Ba salla ce ta kawo shi ba. Da safe ƙanwarsa Rachida ta turo saƙo daga Maradi: an kwantar da Inna a lopital, tana ta tambayar yaushe zai zo. Bizarsa ta mutu shekara huɗu ke nan. In ya fita daga ƙasar ba shi ba dawowa, ga matarsa nan unguwar Glenwood da tsohon ciki. Abin da ya iya tunawa kawai shi ne hoton wurin nan da ya tura wa Inna a makonsa na farko. Ta yi ta nuna wa maƙwabta, tana ce masa rijiyar da ta miƙe tsaye.

Ya ɗebo ruwa zai kurkure baki, sai ya hango mai yunifom yana nufo shi. Ruwan ya tsiyaye ta tsakanin yatsunsa. Ya dubi ƙofar fak. Ta yi nisa.

"Chale, ɗan'uwa, kana so ka kashe kanka ne?" in ji mutumin, da Hausar zango. "Kemikal ne zalla a ciki."

Sai a lokacin Tassiou ya lura da bokiti da ragar kwashe ganye a hannunsa.

"Wallahi, Baba, na ɗauka polis ne."

"Polis da bokiti? Sumaila nake, ni ke wanke wa kifayen nan baki. Ku 'yan Nijar, ko ruwan batir kuka gani sai kun yi alwala." Ya miƙa masa gorar ruwa.

"Ai na ga mai gudu ne, shi ya sa."

"Gudu zuwa ina? Akwai inji a ƙasa. Ya hau, ya faɗo, inji ya sake tura shi sama. Ruwan da ka gani jiya shi ne na yau."

Tassiou ya sake alwala da gorar, ya yi salla a kan ciyawa, sannan ya kira Rachida ta bidiyo. Ta kai wayar kusa da fuskar Inna. Inna ta rame, idanunta sun faɗa. Ya juya mata kamara.

"Ga rijiyarki, Inna."

Ta daɗe tana kallo. Jira yake ta yi masa tambayar, ya ma shirya cewa bayan salla babba, kamar bara.

"Tassiou, wai duk ruwan nan ina yake zuwa? Kogi?"

Can gefe Sumaila na jan ragarsa a hankali. Tassiou ya dubi ruwan.

"Ba ya zuwa ko'ina, Inna. Nan yake ta zagayawa."



"To," ta ce. "Allah ya buɗa masa hanya. Bar min shi haka, in ƙara gani."

Ya riƙe wayar da hannu biyu, bai duba agogo ba.