Galan a Gonar Ɗan'inna

'Yan shekaru bayan an ba Dutse jiha, malaman gona suka fara yawo da galan-galan a bayan babur. Ɗaya ya faɗo gonar Ɗan'inna, a fadamar da ke kan hanyar Kafin Hausa. Ba a banza aka zaɓe shi ba. Duk mai son irin dankali na kirki wurinsa yake zuwa yankan yaɗo, har daga Taura, shi kuwa ya fi son wannan suna a kan tuwon dare.

Misbahu, malamin gonar, ya huda galan ɗin ta gefe, ya zuba ruwan sabulu, ya rataya wata 'yar roba a ciki. Ya ce robar tana fitar da ƙanshin macen ƙwaron dankali, mazan su biyo su faɗa ruwa. Ya ce ba magani ba ne, yawan waɗanda suka faɗa ne zai nuna ko gona ta kamu, don haka kada a taɓa sai ya zo ran Alhamis. Ɗan'inna ya yi ta gyaɗa kai, amma Allah ya sani bai gane ba. In ba magani ba ne, me zai kashe su? In maza kaɗai yake kamawa, matan fa, masu zuba ƙwai? Ya shinshina robar, bai ji komai ba.

Washegari ruwan ya yi baƙi ƙirin da ƙwari. Galan ɗin kuma a bakin hanya yake, kowa ya zo wucewa sai ya leƙa, kuma ka san mutanenmu, ba mai leƙawa ya tafi da bakinsa a rufe. Wani ya ce ya gode Allah an kashe masa su. Wani ya ce ai kiran su ake yi, ƙwarin fadamar kaf yanzu a gonarsa suke kwana. Wani tsoho ya leƙa, ya ce Allah ya kyauta, ya wuce, wannan ce ta fi ci masa rai. Ya rasa ko murna zai yi ko ya tumɓuke abin ya jefar. Da kansa ya ɗaure sai ya bi tsakiya: kullum bayan asuba ya juye ruwan a rami ya zuba sabo. A ganinsa ai ruwa ya taɓa, galan na nan inda aka kafa shi.

Duk Alhamis Misbahu ya tarar da ruwa fes, ya yaba, ya hau babur. Ɗan'inna yakan buɗe baki zai yi bayani, daɗin yabon ya rufe masa shi.

Ana nan, wata Juma'a bayan an idar da salla, Misbahu ya sanar cewa fadamar duk ta kamu, kuma ƙwan ƙwaron yana bin yaɗo. Gonar Malam Ɗan'inna ce kaɗai ta tsira, kowa ya ɗebi iri a can. Ana ta ba Ɗan'inna hannu. Ya zame ya tafi gona, ya tsaga gindin yaɗo da farce, sai ga farar tsutsa. Ya tsaga wani, haka. Ya tsuguna yana tambayar kansa ko da ma suna nan, ko galan ne ya kawo su, ko shi ya jawo da ya zubar da gawarwakin.

Har la'asar yana gonar, sai yayarsa Laraba ta iso da wuƙa da igiya. Tun da mijinta ya rasu, ɗan fegin dankalinta ne ke ci da ita.

“Yaya, ki ɗan dakata,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Naki ma ai ba laifi. Ki yi iri da shi bana.”

“Wane nawa? Galan ɗin da aka kafa min kullum a cike yake, ban taɓa shi ba, yadda malam ya ce. Ina jin sanarwa na tuge yaɗona duka na cinna masa wuta.” Ta miƙa masa igiyar, ta duƙa ta fara yanka. “Ɗaure min, ƙanena. Naka kaɗai ya rage mana.”