Jan Albasar Baba Ƙasimu

Mashkura ta ɗauki bidiyon cirar albasa a gonar mahaifinta, Baba Ƙasimu, a Boyekai. Da yake sabis ba ƙarfi, sai ta matse fayil ɗin sosai, ta tura wa Faruk mai gyaran launi a Sakkwato.

Faruk ya kira ta yana dariya. "Mi kinka aiko man? Ina ƙara ja, albasar ta koma kamar laka!"

Ta yanke wuraren da ba su da amfani, ta sassauta matsin, ta hau tudu ta sake turawa.

Da gyararren bidiyon ya dawo, Baba Ƙasimu ya ƙura wa wayar ido, ya tafa hannu. "Yauwa, ga albasata ja wur! Kirawo innarki ta gani."