Mai Gidan Ma Ɗan Haya Ne

Ranar Laraba da hantsi Sirajo dillali ya kawo takardar. Ya miƙa wa Hauwa'u ta bakin ƙofa, ya juya da sauri kafin ta buɗe. Daga watan gobe kuɗin haya zai ƙaru da rabi.

Gida ne mai sassa biyu a unguwar Gwadangaji, a Birnin Kebbi. Hauwa'u da mijinta, malamin firamare, suna sashen gabas. Judith, wadda ake kira Maman Gloria, da mijinta, mai gyaran firij, suna na yamma. Shekara shida rijiyarsu ɗaya, igiyar shanyarsu ɗaya, amma ba wanda ya taɓa ganin mai gidan. An dai ce sunansa Alhaji Malami, yana zaune a Argungu.

Mazan suka ce sai haƙuri, a unguwar Gesse ma ninkawa aka yi. Judith ta ce ita sai ta ga fuskar mutumin nan tukuna. Hauwa'u kuwa dangin mahaifiyarta duk suna Argungu, ta san garin lungu-lungu. Ranar Asabar suka ci ado suka shiga mota.

Tun a hanya abin ya koma musu wasa. Judith ta dinga gwada jawabin da za ta yi wa Alhaji, Hauwa'u tana kumbura kumatu tana amsa mata da muryar attajiri. Sun gama ƙiyasta gidansa: bene ne, da mai gadi, da motoci uku.

Da suka sauka, wani mai sayar da albasa ya kwatanta musu wani lungu bayan kasuwa. Suna tafe Hauwa'u ta fara rage sauri. Ta san kwatar nan, ta san bishiyar darbejiyar nan. Da suka tsaya a ƙofar da aka kwatanta, sai ta damƙi hannun Judith.

"Maman Gloria, wannan fa gidan Inna Riskuwa ne, yayar mahaifiyata."

A ɗakin da ke jikin zaure suka sami Alhaji Malami, wani siririn tsoho, zaune a tabarma yana tsince irin shinkafa. Ya saurare su har suka gama, kunya duk ta kama shi. Ya ce gidan Birnin Kebbi gado ne daga wansa, shi kuma ba zai iya nisa da fadamarsa ba, shi ya sa yake haya a nan. Watan jiya mai gidansa, Inna Riskuwa, ta ƙara masa, bai ga inda zai samo ba, sai ya aika wa Sirajo ya ƙara wa nasa 'yan hayar.

Judith ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa don dariya. Hauwa'u ta ruga cikin gida ta fito da Inna Riskuwa, hannunta duk ƙullun masa. Da aka tambaye ta dalilin ƙarin, ta ce ita ba wata matsa da ta same ta. Maƙwabta ne duk suka ƙara tun da ma'aikatan injin shinkafa suka cika unguwar, har ana mata tsiya wai ba ta san zamani ba.

Hauwa'u ta bi mata hanyar da ƙarin ya bi, daga wannan zaure zuwa Gwadangaji. Inna ta dubi Alhaji, ta dubi 'yar ƙanwarta.

"Mi kika ce? Ashe ni ce na jefa dutse sama ya faɗo bisa kan ɗiyata?"

Ta zauna daɓas a kan tabarmar tana dariya har da hawaye, ta zubar wa Alhaji da rabin irinsa. Shi ma ya kasa riƙewa. Nan take ta ce ta janye, shi ma ya ce ya janye. Judith ta share ido ta ce a rubuta. Aka kira mai unguwa, aka yago takarda daga littafin jikar Inna, aka rubuta cewa ba ƙari a gidajen biyu har shekara uku, in kuma za a yi, sai an zauna gaba ɗaya. Inna ta dangwala yatsa, ƙullu ya bi takardar.

Da la'asar suka hau motar komawa da soyayyen kifi da ƙwaryar masa. Kafin a fita gari duk fasinjoji sun ji labarin sau biyu, ana cin kifi ana ƙyaƙyatawa. Wani magidanci a kujerar baya ya ce shi ma an ƙara masa, gobe zai binciki wanda mai gidansa yake biya. Direba ya ce a sake ba shi labarin daga wurin tsince irin, don lokacin yana kauce wa rami bai ji da kyau ba. Judith ta gyara zama ta ɗauko daga farko.